Ɗan Sakkwato mai kwana cikin motarsa: yadda zuwansa gida azumi ya kasance

Asalin lamarin, 2021 zuwa 2023

Mutumin da zan yi magana a kansa ba zan kama sunansa ba. Ɗan cikin garin Sakkwato ne, daga unguwannin nan na tsohon gari da ke kewaye da Hubbare da Kanwuri, shekarunsa sun doshi arba'in. Sana'arsa haɗa sola, musamman na rijiyar burtsatse da ƙananan asibitocin ƙauye da masallatai, kuma aikin ba na zama wuri ɗaya ba ne, wannan watan yana jihar Neja, wata mai zuwa Kebbi, daga can ya faɗa kudancin Kaduna ko Filato. Matarsa da yara biyu suna Kaduna kusa da gidan iyayenta. Mahaifinsa ya rasu tun da daɗewa, mahaifiyarsa da kowa ke kira Inna tana nan gidansu na gado tare da babban wansa da iyalinsa.

A 2021 ya sayi bas ƙirar Hiace mai dogon rufi, irin wadda direbobi ke ce wa homa, ya cire kujerun baya gaba ɗaya. Dalilinsa mai sauƙi ne: ƙauyukan da yake aiki ba masauki, in ma akwai kuɗinsa na cinye riba, sannan kayan aikinsa na miliyoyi ne ba zai iya barinsu ya je wani gari ya kwana ba. Mai walda da kafinta suka yi mashi gado a can baya da akwatin kaya a ƙarƙashi, aka liƙa soso da katako a jikin bangon motar, aka sa tankin ruwa na lita 100, tukunyar gas ƙarama mai kilo 6, firij mai aiki da batir, da ɗan masai na roba irin wanda ake zare tankinsa a je a zubar. A rufi ya ɗora faifan sola biyu, kowanne wat 300, suna cajin batirin lithium mai bolt 12 da amfiya 200, ga inbata, ga ƙaramin esi na doki ɗaya da ya maƙala a ƙofar baya.

Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta wuce 500, kafin ƙarshen Yuli ta haura 600. Tun daga nan ya rage yawan komawa Kaduna tsakanin aiki da aiki, sai ya zama kusan wata tara cikin shekara a cikin motar nan yake ci, yake kwana, yake wanka. Sakkwato kuwa ya kusa shekara uku bai taka ba, sai dai waya da aike. Cikin wannan tsakanin ne ɗan wansa ya yi aure, aka gyara ɗakin da yake nasa tun yana saurayi aka sa amarya a ciki. An gaya mashi ta waya, ya ce ba komai, Allah ya sanya alheri. Maganar ba ta sake tasowa ba.

Isowa, jajibirin azumin 2024

Ya gama wani aiki wajen Jega, ya biyo ta Tambuwal da Shagari da Bodinga, da rana tsaka don baya tafiyar dare, ya shigo gari ana gobe azumi. A wannan shekarar Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata aka tashi da azumi ranar Litinin 11 ga Maris. Niyyarsa ya yi azumin gaba ɗaya a gida, iyalinsa su biyo shi ta motar haya daf da Sallah.

Matsala ta farko tun kafin ya kashe mota ta bayyana. Tsawon motar ya haura mita 5, faɗinta ya kusa mita 2, tsayinta da faifan sola ya wuce mita 2 da kwata. Lungunan tsohon gari kuwa tun zamanin da Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809 aka fara yanka su, don doki da jaki da raƙumi da mai tafiya ƙasa, yanzu ga kwata a gefe ga wayoyin wuta sun sauko ga dakalin da kowa ya gina ƙofar gidansa. Motar ba ta iya shiga lungunsu ba. Sai ya tsaya a bakin lungun, wani ɗan fili gaban shagon tela, taku kaɗan zuwa ƙofar gida. Ya shiga ya gaida Inna, aka yi murna aka yi kuka, aka ci abinci. Da dare ya yi wansa ya ce an share zaure an shimfiɗa mashi katifa, shi kuma ya ce a bari, ai yana da wurin kwana, ya koma mota ya ja ƙofa.

Makon farko: a bakin lungu

Tsarin da ya ɗauka shi ne wanda ya saba a hanya. Sahur ya dafa shayi da indomi a mota, ya yi alwala da ruwan tankinsa, ya je masallaci, ya dawo ya kulle ya kwanta. Da yamma ya shiga gida a sha ruwa tare, bayan asham ya koma. A ganinsa bai ɗora wa kowa nauyi ba, bai tada maganar ɗaki ba, kuma yana gadin kayansa.

A cikin gida ba haka aka karanta abin ba. Ya kamata a fahimci wani abu a nan, kwana waje a bazarar Sakkwato ba abin kunya ba ne, kowa waje yake kwana, mata a tsakar gida maza a ƙofar gida kan tabarma ko gadon igiya. Abin da ya tsaya wa mutanen gidan shi ne kullewar, da dafa nasa, da kewayawa a nasa. Matar wansa ta aika da tuwon sahur dare biyu yaro ya ƙwanƙwasa ba a buɗe ba saboda ƙarar fanka, aka dawo da kwano yadda yake. Rana ta uku ba ta aika ba. Inna ba ta ce komai ba sai ranar Juma'a ta farko bayan an sha ruwa, ta ce da shi: "Kai yaron ga, mi munka yi maka? Ka zo garinku, gidan ubanka na nan tsaye, kai ko ruwanmu ba ka sha sai da ido. In ƙazanta kag gani ka hwaɗi a share." Ya ce wallahi Inna ba haka ba ne, sabo ne kawai da kuma kayan mutane da ke cikin motar. Ta ce to, Allah shi kyauta. Wansa bai sa baki ba, amma daga ranar gaisuwarsu ta koma gajeruwa.

Sai zafi. A Maris da Afrilu zafin Sakkwato da rana yana wuce digiri 40, kuma mota ƙarfe ce, filin da ya tsaya ba ko inuwar kara. Soson da ke jikin bango yana jinkirta shigar zafi da safe, amma da zarar ya shiga shi ne kuma ke riƙe shi, har bayan isha'i in ka taɓa katakon gadon da ɗumi. Yana da ɗan ma'aunin zafi a manne kusa da firij, da azahar yakan ga ya haura 50. Motar ta zama tanda.

Ga yara. Duk unguwar ta ji labarin mota mai gado da firij, daga safe har dare suna leƙe ta tagogi, wasu na hawa bayanta, wani ya karya madubin gefe. Ya sa labule ya rufe tagogin duka, abin da ya rage iskar da ke shiga, ya kuma ƙara wa manya tambaya.

Tambayar ta manya tana da tushe. Tun watan Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar aka rufe iyaka, har da ta Illela da Konni, sai a cikin watan Maris ɗin nan ne aka ba da umarnin buɗewa, kuma duk tsawon lokacin maganar sumogar mai da shinkafa ita ce a bakin kowa. Ga kuma halin da gabashin jihar ke ciki, Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, inda kullum ake kuka da masu kai wa ɓarayin daji rahoto. Bas mai labule a rufe, da lambar wata jiha, mutum na kwana ciki, dole ido ya tsaya a kanta ko da an san ɗan waye. Matasan unguwar da yawa ma ba su san shi ba, sun taso yana can.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne masai. Tankin robar lita 20 ne ko ƙasa da haka, a sanyi yakan kai kwana huɗu, a wannan zafin kwana biyu wari ya fara. Kunya ta hana shi ɗaukarsa da rana ya ratsa tsakar gida gaban matar wansa da amarya, sai ya jira wajen ƙarfe biyu na dare, ya naɗe shi a buhu, ya lallaɓa ya shiga ta zaure ya juye a makewayin baya. Dare na shida 'yan sintirin unguwa suka haska shi da tocila yana fitowa daga mota da buhu a kafaɗa. Suka ce mi ka ɗauko, ya ce ba komai, suka ce a buɗe, ya ƙi, murya ta tashi, mutane suka fito, wansa ya fito ba riga ya ce ƙanena ne ku sake shi. Ƙarshe dai a gaban mutum fiye da goma aka buɗe buhun.

Da safe wansa ya ja shi zuwa wurin mai unguwa. Dattijon ya saurare su, ya ce ya san mahaifinsu sun yi makarantar allo tare, amma ka'ida ita ce duk wanda zai ajiye irin wannan mota ya kwana ciki ya fara zuwa ya faɗa. Ya ce ranka shi daɗe na yi kuskure. Mai unguwa ya fita da kansa ya leƙa cikin motar, ya ga gado da kayan sola, ya sa aka gaya wa 'yan sintiri. Zargi ya mutu a nan, amma labarin buhu ya riga ya zaga, kuma ya fi zargin yi mashi ciwo.

Mako na biyu: gidan mai

Maimakon ya shiga gida sai ya ƙara nisa. Ya yi magana da maigadin wani gidan mai a bakin babban titi wajen gari, zai riƙa ba shi wani abu kullum ya kwana a harabar. A hanya haka yake yi kuma yana mashi aiki, akwai haske, akwai maigadi, akwai bayi.

A nan bai yi ba. Na farko an hana shi kunna gas a harabar, kuma da gaskiyarsu. Na biyu harabar siminti ce, tana shan rana wuni guda ta riƙa maido da ita da dare. Na uku esin da ya dogara da shi lissafinsa bai fita ba, kuma shi da kansa ya san lissafin tunda sana'arsa ce. Batirin nan cike yake ɗaukar wajen wat 2,500 na awa guda. Esi na doki ɗaya yana jan wat 800 zuwa 900, kuma a cikin ƙarfe mai zafi baya hutawa, wato ƙasa da awa uku batir ya ƙare. Faifan sola biyu a rubuce wat 600 ne, amma faifai na rage ƙarfi in ya yi zafi, ga ƙurar da ke kwanciya kansa kullum, abin da yake samu bai fi 400 ba a tsakiyar rana. Duk wunin bai cika tara abin da zai cika batirin ba, alhali firij kaɗai, da yake injinsa baya tsayawa a wannan zafin, yana cinye kusan rabi. Sai ya zama ya kunna esi ƙarfe goma sha ɗaya, kafin ƙarfe ɗaya da rabi komai ya mutu har da firij, ya farka cikin gumi ba ko fanka. Akwai ranar da batirin ma ya ƙi karɓar caji da azahar, saboda na'urar kariyar da ke cikinsa tana yankewa in zafi ya yi yawa, shi lithium ba a son cajinsa cikin zafin da ya wuce digiri 45.

Ya gwada barin injin mota a kunne da esin gaba. Wannan na shan lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi duk awa, a farashin lokacin kusan naira 5,000 kenan a dare ɗaya, ga haɗarin hayaƙin salansa ya taru ya shigo mutum na barci, wanda ke kashewa ba a ji ba. Dare biyu ya yi ya daina. Ya gwada matsawa ƙarƙashin wani dogon yaro da rana, zafin cikin ya sauka sosai, amma faifan da ke rufi ya shiga inuwa, caji ya faɗi, dare ya yi ba wuta. In ya nemi inuwa ya rasa wuta, in ya nemi wuta ya rasa inuwa, tunda faifan da ɗakin kwanan a jiki ɗaya suke.

Nisa kuma ya sa shan ruwa a gida ya koma yau ya je gobe bai je ba. Inna ta daina tambaya. Wata ƙanwarsa da ke aure a Mabera ta kira shi ta ce Yaya abin da ake hwaɗi a dangi ba daɗi, wai ka yi kuɗi kana ƙyamar gida, wasu kuma na cewa hushin ɗaki kake. Ya ce shi bai taɓa maganar ɗaki da kowa ba. Ta ce ai shi ya sa.

Ranar 13 ga azumi bayan azahar ya kwanta a motar da tagogi a buɗe kaɗan. La'asar ta wuce bai fito ba, maigadi ya leƙa ya same shi yana amai, kai na sara, baya iya tsayuwa. Aka sa shi a keke napep zuwa wani ƙaramin asibiti, aka ce zafi ne da ƙarancin ruwa a jiki, aka ɗaura mashi ruwa, azumin ranar ya tafi. Wansa ne ya zo ya biya kuɗin ya ɗauko shi a bayan mashin, bai kai shi gidan mai ba, kai tsaye gida ya yi da shi, aka kwantar da shi a ɗakin Inna.

Tsakiyar azumi: sauke kayan

Kwana biyu ya yi a ɗakin. Ɗakin ƙasa ne mai kaurin bango, rufin azara da aka ɗora wa kwano daga baya, da rana ya fi motar sanyi nesa ba kusa ba duk da ba wuta. A nan ya ga abin da bai gani ba a makonni biyun da ya yi yana shiga yana fita: Inna da shekarunta da hawan jininta tana azumi da mafici a hannu, wuta in an kawo ba ta daɗewa, kullum da la'asar sai an ba yaro kuɗi ya je neman ƙanƙara wadda tsadarta ke ninkuwa a azumi, wani lokacin ma ya dawo hannu wofi.

Kawunsu, ƙanen Inna, shi ya zo duba shi ya zaunar da su shi da wansa a zaure. Ya fara da ɗakin, ya ce an yi ba daidai ba da aka sa amarya aka gaya mashi daga baya ta waya, ya kamata a nemi izninsa. Wan ya amsa, ya ce ya ɗauka tunda ya ce ba komai to ba komai ɗin ne. Shi kuma ya ce gaskiya ya ji ciwo, ba don ɗakin ba, don ya ji kamar an cire shi daga lissafin gidan, kuma da ya zo ya ga katifa a zaure sai ya ji ya zama baƙo. Aka tsaya a kan cewa akwai wani tsohon ɗakin ajiya kusa da na Inna, za a kwashe tarkacen a gyara, nasa ne duk lokacin da ya zo shi da iyalinsa. Kawun ya ce motar kuma a kai kangonsa da ke Arkilla, da katanga da ƙofar ƙarfe da maigadi.

Sauran shi ya tsara. Ya kira yara biyu suka kwance faifan sola daga rufin motar, aka ɗora su kan rufin ɗakin Inna suna fuskantar kudu, aka ɗan ɗaga su daga jikin kwano don iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. Batir da inbata aka sa su a ƙasan ɗakin ajiyar inda ya fi sanyi, firij aka shigo da shi ɗakin Inna. Ya sayo fanka uku masu aiki da batir kai tsaye, kowacce ba ta jan abin da ya wuce wat 30, da ƙwai huɗu na haske. Ya ɗora wa wani ɗan wansa aikin goge faifan da tsumma mai laima kullum bayan asuba. Esin bai sauke ba, ya ce ba shi da amfani a wannan lissafin.

Lissafin kuwa yanzu ya fita. Fanka uku na awa goma ba su kai wat 1,000 ba, firij da ya samu ɗaki mai sanyi ya koma yana hutawa, faifan da ake gogewa ya ƙara kawowa, batirin bai sake yankewa ba. Wutar da ta kasa sanyaya mutum ɗaya awa uku a mota ita ce ta riƙe ɗaki uku har asuba, ga ruwan sanyi da kunun zaƙi da hura a firij lokacin shan ruwa. Aka daina aiken ƙanƙara. Maƙwabta biyu ma suka fara kawo robar ruwa a sa masu.

Ita motar a Arkilla aka tsayar da ita ƙarƙashin dogon yaro, aka kafa rumfar zana a samanta da tazara, aka fitar da tukunyar gas, aka juye tankin ruwa da na masai aka wanke aka bar su a buɗe, aka rufe tayoyin ɓangaren rana da buhu, tagogi aka sassauta kaɗan. Kayan aiki masu tsada ya kwashe ya kai ɗakin da ke kangon ya sa kwaɗo. Duk bayan kwana biyar ko shida yana zuwa ya tada injin ya ɗan zaga da ita.

Goman ƙarshe da Sallah

Farkon Afrilu zafi ya kai maƙura a duk yankin Sahel, a Kayes ta ƙasar Mali har an auna digiri 48.5 ranar 3 ga wata, Sakkwato ma ta sha nata. A wannan lokacin yana kwana tsakar ƙofar gida kan tabarma tare da sauran maza, ya tashi tahajjud da wansa, sahur a kwano ɗaya. Matarsa da yara suka iso kwana huɗu kafin Sallah aka sauke su a ɗakin da aka gyara, ba a gama shafe ba amma da fanka.

An yi Sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu. Ya ɗauko motar da asuba ya kwashi dattawan lungun uku da ba sa iya doguwar tafiya ya kai su Fakon Idi. Kashegari ya kai Inna Sifawa wurin yayarta da ta yi shekaru ba ta gani ba saboda bayanta baya jure zaman motar haya, a kwance ta je kan gadon nan na baya, jikoki na gefenta. Wannan tafiyar ce dangi suka fi maimaitawa daga baya.

Sakamako

Mako ɗaya bayan Sallah ya tafi. Faifai da batir da firij ya bar su a gida, ya ce ba zai iya kwance su Inna na kallo ba, abin da ya sa ya koma hanya da ƙaramin batirin mota da fanka ɗaya, sai da ya yi wata uku yana tara kuɗi kafin ya sake haɗa wasu, kuma cikin watannin ya sha kwanan wahala da asarar aiki guda da bai iya zuwa ba. Labarin buhu bai mutu ba, har yanzu akwai samarin da ke tsokanarsa da shi. Tsakaninsa da wansa an koma waya duk Juma'a. Ya dawo Babbar Sallah a watan Yuni, wannan karon ya kira mai unguwa tun yana Tambuwal, ya wuce Arkilla ya ajiye mota, ya hau mashin zuwa gida da jaka ɗaya.

Yadda nake ganin abin

Ni ban ga laifin motar ba, kuma ban yarda da masu cewa rayuwar banza ce ba. Mutum ne da ya duba sana'arsa ya samo dabarar da ta rage mashi kashe kuɗi ta kare mashi kaya, kuma da ita yake ciyar da gida biyu. Duk abin da aka saka cikin motar an saka shi ne don ya iya zama inda ba shi da kowa, kar ya nemi ruwa ko wuta ko bayi wurin wani. To wannan ɗin ne ya juye mashi a ƙofar gidansu, don a nan rashin neman komai wurin mutane magana ce, kuma magana mai zafi, ko da bai yi niyyar faɗinta ba. Ina ganin kuma da niyya a ciki ko da kaɗan, motar ta ba shi hanyar nuna fushin ɗaki ba tare da ya buɗe baki ba, da ba shi da ita da tun daren farko an yi maganar an wuce wurin.

Wansa ma yana da nasa kason. Shimfiɗa wa ƙanenka katifa a zaure bayan ka ba da ɗakinsa, sannan ka yi shiru mako biyu kana kallo yana dafuwa a titi, ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai kamata sai an kai ga ɗaurin ruwa kafin babba ya yi magana ba. Abin da ya fi damuna a duk labarin shi ne awannin nan da ya yi kwance a harabar gidan mai, da maigadin bai leƙa ba da wani zancen ake yi.

Ta fuskar aiki, gwajin gidan mai da esi da barin inji a kunne duk sun faɗi ne saboda suna ƙoƙarin sanyaya ƙarfen da ke tsaye cikin rana da wutar da ba ta kai ba. Abin da ya yi aiki raba faifai da mota ne, faifai ya bi rana, mota ta bi inuwa, batir da mutum su shiga ɗakin ƙasa. Wanda ke da irin wannan mota in zai zo Sakkwato tsakanin Maris da Mayu ya nemi wurin ajiya mai katanga da inuwa tun kafin ya taso, ya sanar da mai unguwa, ya fitar da gas, ya kuma haɗa faifansa yadda za a iya kwance shi da sauƙi. Shi mutumin namu a sabon haɗin da ya yi haka ya yi, faifan a kan ƙugiya suke da kebur mai tsawon mita 15, mutum ɗaya na iya sauke su.